Me ya kashe tirolibas a biranen Birtaniya, kuma za ta yi aiki a Katsina?

Ɗan Ƙofar Marusa:

Assalamu alaikum. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 maganar motar lantarki ba ta sauka daga bakin mutane ba, amma duk wanda ya tashi magana batir yake nufi. Akwai kuwa wata irin bas ta lantarki da ta girmi wannan zance da shekara sama da ɗari. Tayarta ta roba ce, kwalta take hawa kamar kowace bas, sai dai a kan rufinta akwai dogayen sanduna biyu masu shafar wayoyi biyu da aka ja a saman titi, daga nan take shan wuta. Tirolibas ake ce mata.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne Birtaniya. An ce garuruwa kusan 50 sun yi amfani da ita, Landan ma ta taɓa zama ta ɗaya a duniya, yau kuma ko layi ɗaya babu. Masana, yaya aka yi ta bazu, me kuma ya kashe ta? Yawan lalacewa ne ko tsada? Sannan in da za a ja irin wannan waya a nan Katsina, a ce daga cikin gari a bi hanyar Dutsin-ma zuwa Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, me zai fara ba da matsala?

Malam Na Daura:

Wa alaikumus salam, Malam. Ba za ka gane tarihinta ba sai ka fara sa tiram a gaba, wato ƙaramin jirgin ƙasan nan na lantarki mai bin dogo a tsakiyar titi. Duk inda ka ga tirolibas ta yi ƙarfi a Birtaniya, to tiram ta gada.

Asalinta dai Jamus ne. Werner von Siemens ya gwada wata karusa mai shan wuta daga waya a Halensee, gefen Berlin, a 1882, a kan hanya mai tsawon mita 540. Gwaji ne kawai. A 1901 Max Schiemann ya buɗe layin fasinja a kwarin Biela kusa da Königstein, kuma irin sandunansa masu tokare waya daga ƙasa ne suka zama abin da kowa ya bi.

A Birtaniya garuruwa biyu suka fara, Leeds da Bradford, an yi bikin buɗewa rana ɗaya, 20 ga Yuni 1911. Rotherham ta biyo baya a 1912. A lokacin ba wanda ya ɗauke ta babbar mota. Inda dogon tiram ya ƙare, ga kuma unguwa a gaba wadda mutanenta ba su kai a kashe kuɗin shimfiɗa dogo ba, sai a ƙara waya a sa tirolibas ta kwaso su. Leeds ma ba ta daɗe ba, ta daina a 1928.

Abin ya juya ne bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya. Dogayen tiram sun tsufa, shekarun yaƙi ba a gyara su ba, kuma doka ta ɗora wa mai tiram gyaran titin da ke tsakanin dogo da ɗan gefensa. Majalisun garuruwa kuwa su ne masu tiram ɗin, a wurare da yawa su ne kuma masu tashar wutar garin. Sai lissafi ya zo da sauƙi: turaku suna nan, tashoshin rarraba wuta suna nan, ma'aikatan waya suna nan, abin da ya lalace dogo ne kaɗai. A tone dogo, a ƙara waya ta biyu, a ci gaba da sayen wutar gida wadda ake samarwa da kwal ɗin ƙasar, maimakon man da ake shigowa da shi. Birmingham ce ta fara mayar da layin tiram zuwa tirolibas, layin Nechells, a 1922. Wolverhampton da Ipswich suka shiga a 1923, Nottingham a 1927. Ba banza ba ne Wolverhampton ta rungume ta, don kamfanonin Guy da Sunbeam masu ƙera ta a garin suke.

Shekarun 1930 su ne ganiyarta. Huddersfield da Bournemouth sun fara a 1933, Newcastle a 1935, Reading a 1936, Manchester da Belfast a 1938. Garuruwa masu tudu irin su Huddersfield da Bradford sun fi kowa son ta, domin injin lantarki yana ba da cikakken ƙarfinsa tun daga tsaye, babu kuloci babu canjin giya, alhali bas ɗin mai ta wancan zamani sai ta yi ta nishi a hawa.

Landan ta fara a watan Mayun 1931 a yankin Twickenham da Teddington. Da aka kafa hukumar sufurin Landan a 1933, sai ta ɗauki aikin mayar da tiram zuwa tirolibas gadan-gadan daga 1935, har ta kai motoci sama da 1,800 a kan layi 68. Yawancinsu masu bene ne, kujera 70, da layin tayoyi uku, tsawon ƙafa 30. Yaƙi na Biyu ne ya tsayar da aikin a 1940 kafin a gama da tiram ɗin kudancin birnin. Da aka dawo bayan yaƙi, bas ɗin dizal aka sa a madadinsu, tiram na ƙarshe ya tafi a 1952. Daga nan mai hankali ya san inda aka dosa. A 1954 aka sanar za a daina tirolibas, aka fara kwashewa a 1959, aka rufe ranar 8 ga Mayu 1962.

Cardiff ta shigo a makare, 1942, Glasgow kuma ita ce auta, 1949, amma ta rufe a 1967. Sauran suka yi ta zubewa ɗaya bayan ɗaya: Newcastle, Nottingham da Manchester a 1966, Wolverhampton 1967, Belfast, Huddersfield da Reading 1968, Bournemouth 1969, Cardiff da Walsall 1970, Teesside 1971. Bradford da ta fara ita ta rufe ƙofa, ranar 26 ga Maris 1972, bayan ta daɗe tana sayen tsofaffin motocin garuruwan da suka daina tana sake musu jiki. Shekara ɗaya da rabi bayan haka rikicin man 1973 ya zo.

A ganina babban abin da ya kashe ta shi ne mayar da wutar lantarki hannun gwamnatin ƙasa a 1948. Garin da jiya yake sayar wa kansa da wuta, yau ya koma mai saye kamar kowa. Lalacewa ba ta cikin dalilai. Motoci 125 daga cikin sababbin na Landan ƙasar Sifen ta saye su, suka ci gaba da aiki shekaru a garuruwa irin su Bilbao da Zaragoza.

Injiniya Mai Waya:

Malam Na Daura ya gama da tarihi, bari in ɗauki waya, don a nan ne kuɗi da ciwon kai suke.

Dalilin waya biyu: tiram yana mayar da wuta ta tayar ƙarfe zuwa dogo, ita kuwa wannan a kan roba take, dole a ba ta fozitif da negatif duka a sama. Wutar DC ce, wato irin ta batir, yawanci volt 600, wasu sababbin layuka 750. Tazarar wayoyin kamar santimita 60 ce, tsayinsu daga kwalta mita 5.5 zuwa 6, a Birtaniya ma ya ɗan fi haka saboda motoci masu bene. Turaku kuwa kowane mita 30 zuwa 35. Sanda tana da tsawon kusan mita 6, sifirin ne a gindinta yake tura ta sama, kuma tana barin mota ta kauce kamar mita 4 hagu ko dama. Za ta iya kewaye motar da ta tsaya a gefen titi, amma ba za ta wuce 'yar'uwarta da ke kan waya ɗaya ba, sai an sauke sandunan ta gaba.

A kan sandar akwai ɗan takalmi mai kwarmi da ke rungumar waya, a cikinsa guntun kabon, irin na burushin janareta. Da can ƙaramar taya ce ta ƙarfe, aka bar ta saboda tartsatsi da ƙara da cin waya. Kabon ɗin an yi shi ne don ya cinye, ita waya ta tsira. Kullum a gareji sai an duba shi. In aka bari ya ƙare, ƙarfen takalmi ya hau jan ƙarfe, to wayar da ya kamata ta yi shekaru sai ta sirance ta tsinke.

Abin da ya fi faruwa a hanya shi ne sanda ta tsalle daga waya. Dalilan ba su da yawa: direba ya shiga kwana da gudu, ko ya kauce fiye da tsawon sanda, ko ya faɗa rami, ko sifirin ya saki, ko waya ta yi ciki. Sandar da ta kuɓuce da ƙarfin sifirin take tashi, tana iya dukan wayar da ke riƙe da layin ta tsinka ta. A Birtaniya kowace mota tana ɗauke da doguwar gora mai ƙugiya a ƙarƙashinta, kwandasta ya zaro ya kamo sanda ya mayar. A wasu ƙasashe igiya ce a bayan mota, da na'urar da ke fizgo sandar ƙasa da zarar ta tsalle.

Mararraba ita ce wurin gwanintar direba. Inda layi ya rabu biyu akwai makarkata a jikin waya, wato na'urar da ke karkatar da kan sanda zuwa layin da za a bi. A tsohon tsari kwandasta ne ke sauka ya ja hannun da ke jikin turke. Daga baya aka yi mai aiki da wuta: in direba ya wuce wurin yana taka totur ta karkata gefe ɗaya, in ya wuce ƙafa a ɗage ta bar shi a ɗaya gefen. Inda layi biyu suka gitta kuwa, fozitif na wannan zai haye negatif na wancan, don haka ake sa guntun da babu wuta a tsakani. Dole direba ya ɗaga ƙafa ya wuce da saurin da ya taho da shi. In ya taka, tartsatsi ya ƙona wurin. In cunkoso ya tsayar da shi daidai ƙarƙashin guntun, ya maƙale, sai turi ko ƙaramin batir. Motocin Landan suna da irin wannan batir na 'yar gajeriyar tafiya. Ka auna wannan da shataletalen da Keke Napep da babura suka cika da yamma.

Sai haɗarin shokin. Tunda mota a kan roba take, in rufin waya ya goge wuta ta taɓa jikinta, ba ta da hanyar sauka ƙasa sai ta jikin fasinjan da ƙafarsa ɗaya ke kan mataki ɗaya a ƙasa. Shi ya sa ake rufi ninki biyu, a rufe mataki da ƙarfen kamawa na bakin ƙofa, a kuma auna yoyon wuta kafin mota ta fita. Da damina abin ya fi tsanani.

Ga ɗan lissafi. Mota mai jan kilowat 120 a volt 600 tana shan amp 200. Wayar jan ƙarfe mai kaurin murabba'in milimita 100 tana da turjiyar om 0.175 a kilomita, zuwa da dawowa 0.35. In motar tana kilomita 2 daga tashar wuta, volt 140 ya zube a hanya, mota ɗaya kenan. Biyu su tashi tare, wuta ta faɗi warwas. Saboda haka ake kafa ƙaramar tasha mai tiransifoma da na'urar mayar da AC zuwa DC kowane 'yan kilomitoci, a kuma yanka layin gida-gida, yadda in waya ta tsinke a wuri ɗaya ba duka gari zai tsaya ba. Nauyin wannan waya kilo 890 ne a kilomita. Hanya mai zuwa da dawowa waya huɗu take so, wato tan uku da rabi na jan ƙarfe a kowane kilomita, rataye a sama. Duk daren da aka ɗauke wuta, masu yankan waya sun san da haka.

A Katsina ƙara da zafi. Jan ƙarfe yana miƙewa kashi 17 cikin miliyan a kowane digiri. Tsakanin asubahin hunturu da tsakar ranar Afrilu, a ce bambancin digiri 30, kilomita ɗaya na waya zai ƙaru da rabin mita. In ka ɗaure ta tamau da zafi, da sanyi ta ja turke ko ta tsinke. In ka ɗaure da sanyi, da bazara ta yi ciki sanduna su yi ta tsalle. Maganin da ake yi a Suwizalan shi ne rataye waya a ɗan karkace, hagu da dama, da maratayi masu lilo, su riƙa shanye miƙewar. Ƙurar hunturu kuma tana saurin cinye kabon, in ta taru a kan insuleta, wato abin da ke hana wutar waya bi ta turke, ta sami laima wuta ta fara bi ta kai. Wanke su kafin ruwan farko wajibi ne.

Ɗan Ƙofar Marusa:

Allah ya ƙara basira, Malam da Injiniya. To in haka ne, me ya sa wasu ƙasashe suka riƙe tasu? Su ba su ga arhar dizal ba ne?

Hajiya Mai Taswira:

Malam Na Daura, a gafarce ni, ban yarda 1948 ce kaɗai ta kashe ta ba. Glasgow bayan 1948 ta fara, Bournemouth kuma har 1962 tana karɓar sababbin motoci, waɗanda shekara bakwai kawai suka yi aka rufe layin. Abubuwa ne suka haɗu a lokaci guda. Yawancin wayoyi da motoci na shekarun 1930 ne, sai duk suka tsufa tare a ƙarshen shekarun 1950, daidai lokacin da fasinja ke raguwa saboda mutane sun fara sayen motocin kansu. An kwashe jama'a daga tsofaffin unguwanni zuwa sababbin rukunin gidaje a bayan gari, inda babu waya. Ana ta sake fasalin tituna, ana mayar da wasu masu hannu ɗaya, kuma duk titin da aka taɓa sai an biya kuɗin kwance waya da sake ɗaurawa. Uwa uba, da Landan ta fita, kasuwar ta mutu. Ita ce babbar mai saye, da ta daina sai masu ƙera mota da kayan waya suka ga kwalliya ba ta biyan kuɗin sabulu, ƙananan garuruwa suka rasa inda za su sayi makarkata da marataya. An sake gwadawa a Doncaster a tsakiyar shekarun 1980 da mota ɗaya, bai je ko'ina ba, shirin Leeds na sabon layi kuma gwamnati ta ƙi amincewa da shi a 2016. Yau sai a gidan tarihi irin na Sandtoft ake hawanta.

Waɗanda suka riƙe tasu suna da abin da Birtaniya ta rasa. Suwizalan tana da wutar madatsun ruwa da garuruwa masu tudu, ba ta da mai. Lausanne tun 1932 take, Zurich tun 1939, har gobe. Tarayyar Sobiyet ta fara a Mosko a 1933, kuma masana'anta ɗaya a garin Engels ta ƙera samfurin ZiU-9 sama da 40,000, kayan gyara ba su taɓa yankewa ba. A Kirimiya ma akwai layi mai kilomita 86 daga Simferopol zuwa Yalta, ya haye dutse, wato kusan nisan Katsina zuwa Daura. Duk da haka Mosko ta rufe tata a 2020, ta koma bas mai batir da dizal. Shanghai tun 1914 ba ta tsaya ba. Jamus da ta ƙirƙiro ta garuruwa uku suka rage mata: Solingen, Esslingen da Eberswalde.

A Afirka, Afirka ta Kudu ce ta fi yi. Cape Town da Durban sun fara a 1935, Johannesburg a 1936, ita ce kuma ta ƙarshe da ta rufe, a 1986. Alƙahira ta yi tata ta daina, Marrakesh ta Maroko ta buɗe sabuwa a 2017.

Game da Katsina, ni tambayar da zan fara yi ba ta wuta ba ce, ta yawan mota ce. Kuɗin waya ba ya canzawa, ko mota biyu ce ke bin ta a awa ko ashirin. Ba ta biyan kanta sai a hanyar da bas ke wucewa kowane minti biyar zuwa goma, safe zuwa dare, shekara duka. Hanyar Dutsin-ma tana cika da ɗaliban jami'a da na Kwalejin Hassan Usman da safe da yamma, amma a duba tsakar rana, a duba lokacin hutu. Birtaniya ta gaji turaku da tashoshi daga tiram, mu kuwa daga tushe za mu fara. Sannan cikin gari akwai ranar da titi ba na mota ba ne. Ranar hawan Sallah an rufe wajen Ƙofar Soro, bas ɗin dizal ta bi wata hanya, mai waya kuwa sai ta zauna.

Abin da ake yi yanzu a Turai shi ne haɗa biyun: mota mai sanduna da matsakaicin batir, tana caji tana tafiya a ƙarƙashin waya, in ta zo inda babu sai direba ya danna maɓalli sanduna su kwanta. Da haka za a ja waya a miƙaƙƙen ɓangaren hanya kawai, a bar shataletale da mararraba da gadar ƙasa ta Ƙofar Ƙaura babu waya, wato an kauce wa wuraren da Injiniya ya ce sun fi tsada da lalacewa.

Injiniya Mai Waya:

Haka ne, Hajiya, kuma a wurin komawa kan waya ana rataye wani ɗan rufi mai kamar mazurari a tashar tsayawa, shi ke kai takalmin sanda kan waya ba sai an sauko da gora ba. Sharaɗinsa direba ya tsaya daidai alamar da aka shata a kwalta, in ya goce da yawa sanda ta wuce gefe.

Kafin wani ya ce a haɗa da sola, ga misali a yi masa lissafi. A ce mota 10, kowace tana yin kilomita 200 a rana, a ƙaddara tana cin yunit 2 a kilomita. Yunit 4,000 kenan a rana. In kilowat ɗaya na faranti ya ba da yunit 4.5 a ranar Katsina, ana bukatar kusan kilowat 900, kuma a cire abin da ƙura za ta rage in ba a wankewa. Matsalar ita ce lokaci: cunkoson ƙarfe bakwai na safe yana zuwa rana ba ta yi ƙarfi ba, na bayan magariba kuma babu ita sam. Dole a ajiye babban batir a tashar wuta, ko a jawo layin 33kV na musamman, zai fi kyau ma biyu daga wurare daban, don in ɗaya ya faɗi motoci goma ba su tsaya cak a tsakiyar titi lokaci guda ba.

Kafin a kafa turke ko ɗaya kuma sai an bi hanyar da ma'auni. Duk wayar gida da ta gitta titi ƙasa da mita 6 sai an ɗaga ta ko a binne, a sassabe rassan dalbejiya da iskar farkon damina ke karyawa, a kuma kafa ƙarfen iyakance tsayi a mashigar hanyar saboda manyan motocin da ake yi wa lodi har ya fi kan direba da mita biyu.